Harbin Nesa: Daga Ina Ɗan Kano Zai Fara?

Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, ina zaune a tsakar gidana da ke Nassarawa GRA a Kano ina shan iska, sai ga ɗan wana ya yi sallama. Injiniya ne matashi, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton bidiyo na wani Bature kwance rub da ciki a fili, yana harbin wani faifan ƙarfe da ke nisan kusan kilomita guda, ana jin ƙarar faifan can daga baya. Ya ce, "Baffa, wannan wasa nake so in fara. Na san kun taɓa yi lokacin da kuke Ingila. Wace bindiga ya kamata in saya, kuma a ina ake samun ta?"

Na jima ban ce masa uffan ba, domin tambayar ta faranta mini rai kuma ta tsorata ni a lokaci guda. Ta faranta mini saboda wasa ne da na sani, na kuma ƙaunata. Ta tsorata ni saboda ya fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe, kuma na tabbata akwai ire-irensa da dama a wannan unguwa tamu, matasa masu ilimi da abin hannu, waɗanda intanet ta cusa musu wannan sha'awa ba tare da ta gaya musu a wace ƙasa suke zaune ba. Amsar da na ba shi ita ce nake son in raba da mai karatu a yau.

Da farko dai, Bakano ba baƙon bindiga ba ne. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye rundunar 'yan bindiga masu tsaron sarki, kuma har yanzu magadansu ne muke gani a hawan salla suna tayar da hayaƙin albarushi. Haka kuma ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland ta auka wa Kano, abin da ya raba gardama shi ne nisan harbi. Jarumtakar mutanenmu ba ta gaza ba, amma kibiya da adaka ba su kai inda bindigogin Turawa suke kaiwa. Bayan an ci garin, a wannan yanki na Nassarawa Turawan suka yi mazauni. Abin takaici shi ne, kalmar nan ta 'yan bindiga, wadda a da take nufin bayin sarki masu ado, yau idan aka ambace ta a rediyo sai gaban mutum ya faɗi, ya tuna Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Duk wanda zai yi maganar wasan harbi a Arewa wajibi ne ya san a kan wane irin ciwo yake taka ƙafa.

To, mene ne wannan wasa? Harbin nesa shi ne mutum ya kwanta ko ya tsuguna, ya yi saitin allo ko faifan ƙarfe daga nisan mita 300 zuwa 1,000 ko fiye, a fili na musamman da hukuma ta amince da shi. Tsohon wasa ne. A Ingila an kafa ƙungiyar masu harbi ta ƙasa a 1859, aka yi gasar farko a Wimbledon a 1860, inda Sarauniya Biktoriya ta yi harbin buɗe taro, sannan a 1890 aka koma Bisley, wurin da ake yi har gobe. A zagayen ƙarshe na gasar kyautar Sarki ana harbi ne daga yadi 900 da yadi 1,000, kuma a 1930 wata mace mai suna Marjorie Foster ta lashe ta, abin da ke nuna cewa ƙarfin damtse ba shi da wani tasiri a ciki. A nahiyarmu ma Afirka ta Kudu ta yi nisa, domin a birnin Bloemfontein aka yi gasar duniya ta harbin nesa a 2024.

A Bisley ɗin nan na taɓa gwada sa'ata ina ɗalibi, tare da kulob ɗin jami'armu, bayan na shafe watanni ina koyo a gajeren zango. Na kwanta, na daidaita komai yadda aka koya mini, na ja kunama cike da yarda da kaina. Da aka duba allo, ko gefensa harsashina bai taɓa ba. Dattijon da ke horar da mu ya nuna mini tutocin da aka jera a gefen fili, ya tambaye ni ko na dube su kafin in harba. Ban duba ba. Ran nan na gane cewa bindiga ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin wannan fanni.

Bari in yi wa mai karatu lissafin a taƙaice. Yadi 1,000 daidai yake da mita 914. Harsashi mai kaurin milimita 7.62, wanda aka fi amfani da shi a irin wannan gasa, yana ɗaukar kimanin sakan ɗaya da rabi kafin ya isa, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ƙasa tana janyo shi har ya sauka da mita 8 zuwa 10, wato sai an ɗaga bakin bindiga sama da allon kafin a same shi. Wannan mai sauƙi ne, domin lissafinsa ba ya canzawa sosai. Matsalar ita ce iska. Iskar da ke kaɗawa ta gefe da gudun kilomita 16 a awa, irin wadda ba ta wuce ta ɗaga ƙura da ledoji ba, tana iya kautar da harsashi da fiye da mita 2, alhali tsakiyar allon da ake nema faɗinta inci 24 ne kacal, kamar babban faranti. Bugu da ƙari, iskar da ke gaban mai harbi ba lallai ta zama irin wadda ke tsakiyar fili ba. Shi ya sa gwanaye suke karanta tuta, da motsin ciyawa, da kawalwalniyar da ke rawa a saman ƙasa idan rana ta take. Zafi da sanyi da tudun wuri duk suna sauya kaurin iska, don haka lissafin da ya yi daidai da safiyar hunturu ba zai yi daidai da azahar ta watan Afrilu ba. Sannan kuskure yana girma da nisa: karkatar da ta ba da santimita 1 a mita 100, ita ce za ta ba da aƙalla santimita 10 a mita 1,000. Numfashi, da bugun zuciya, da yadda yatsa ya taɓa kunama, duk suna bayyana a jikin allo.

Wannan shi ne daɗin wasan, kuma na fahimci dalilin da ya sa ya ja hankalin injiniya. Sai dai akwai wani lissafin da bidiyon bai nuna masa ba, wato na doka. Dokar Bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja masu kaurin harsashi milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303. Ma'ana, ainihin kaurin da ake gasar harbin nesa da shi a Bisley yana cikin jerin farko a ƙasarmu. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin su bindigar farauta, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne har bindigar iska tana cikin wannan kashi. Na uku su ne irin su harba-ka-ruga, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wanda aka kama da bindigar kashi na farko ba da izini ba, dokar ta tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. A watan Agustan 2023 kuwa muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai, sannan a 2024 Shugaba Tinubu ya sanya hannu a kan dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Saboda haka duk wanda ya ce wa matashi zai samo masa irin wannan bindiga ta bayan gida, to hanyar gidan yari ya nuna masa.

Ko da a ce doka ta yarda, ina filin yake? Harsashin 7.62 da ya kuskure allo yana iya tafiyar kusan kilomita 4. Idan aka harba shi daga Filin Sukuwa, ba abin da zai hana shi sauka a Sabon Gari ko a cikin ganuwa. Ɗan ƙaramin nan ma mai inci .22, da ake rainawa, yana kai kusan kilomita ɗaya da rabi. Gonar da mutum yake gani babu kowa a cikinta, a Gezawa ko a hanyar Wudil, akwai makiyayi a bayan kalgo, akwai yarinya mai ɗiban itace. Fili na gaskiya yana buƙatar tudun ƙasa mai tare harsashi, da dajin da aka killace a bayansa, da jami'i mai ikon tsayar da harbi da kalma ɗaya. A ƙasarmu irin wannan tsari a hannun jami'an tsaro aka san shi, kamar gasar harbi ta Rundunar Sojan Ƙasa, wadda a 2017 aka gudanar da ita a dajin Sambisa.

Shin ke nan ƙofa ta rufe? A ganina ba ta rufe ba, sai dai tana wani wurin da matasanmu ba su duba ba. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun daga 1896, kuma ɗaya daga cikin manyan rukunansa shi ne na bindigar iska daga mita 10, a cikin ɗaki. Ƙwayar da ake harbawa milimita 4.5 ce, ɗigon tsakiyar allon kuwa rabin milimita ne, kamar ɗigon alƙalami, kuma ana harbi 60 a tsaye kafin a kai zagayen ƙarshe. A wannan rukuni ne Abhinav Bindra ya samo wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a Beijing a 2008. Tsayuwa, da numfashi, da jan kunama ba tare da girgiza ba, duk a nan ake koyon su. Daga nan mutum ya wuce mita 50 da ƙaramar bindiga, inda zai fara sanin halin iska, sannan mita 300, kafin ya yi mafarkin 1,000. Gaggawa aikin shaiɗan, in ji magabata, kuma a wannan fanni gaggawa tana iya cin rai.

A nan ne nake da kira ga masu ruwa da tsaki. Nassarawa tana da kulob da filin golf da Filin Sukuwa, kuma Kano gari ne na folo, wasan da ya fi harbi tsada. Zauren harbi na mita 10 bai fi girman ajin makaranta biyu ba. Me zai hana Hukumar Wasanni ta Jihar Kano, da Hukumar Wasan Harbi ta Najeriya, da rundunar 'yan sanda, su zauna su fitar da tsari guda: kulob mai rajista, bindigogin iska masu lasisi da za su riƙa kwana a ma'ajiya ƙarƙashin kulawar 'yan sanda, littafin shiga da fita, da mai horarwa da aka tantance? Ba wanda zai tafi gida da komai sai takardar makinsa. Wanda ya yi fice, hukuma ta nema masa izinin zuwa gasa a filayen da doka ta tanada, a gida ko a waje.

Na san wani zai ce, a ƙasar da ake binne mutane kullum saboda bindiga, wannan magana ba lokacinta ba ne. Ina girmama wannan ra'ayi, domin ni ma na je ta'aziyya fiye da sau ɗaya. Amma ya kamata mu bambance abu biyu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta nemi jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, shugabannin tsaro na ƙasa suka ƙi amincewa. Waccan magana ce ta bindiga a gida, kuma ba ita nake yi ba. Ɗan ta'adda bai taɓa jiran kulob ba kafin ya sami makami. Wanda rashin kulob yake cutarwa shi ne yaron kirki da sha'awa ta kama, bai sami halattacciyar hanya ba, har wani ya ja shi zuwa haramtacciya. A fili mai tsari abin da ake fara koya wa mutum shi ne ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada ya nuna bakinta ga abin da ba ya nufin harbi, kada yatsansa ya kusanci kunama sai ya yi saiti, kuma ya san abin da ke bayan allonsa. Da masu harbin murna a wajen biki sun san waɗannan, da an rage makoki.

Ɗan wana ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Baffa, kafin a yi wannan kulob, in zauna ke nan?" Na ce masa a'a. Na shiga ɗaki na ɗauko masa sabon littafin rubutu, na ce kowace yamma ya je gefen Filin Sukuwa, ya dubi ganyen darbejiya da ƙurar da dawakai suke tayarwa, ya ƙiyasta gudun iska da inda ta dosa, ya rubuta, sannan ya gwada da abin da na'urar awon iska ta nuna. Na ce ya nemi Dokar 1959 ya karanta ta daga farko har ƙarshe, kuma ya tara abokansa masu irin wannan sha'awa su rubuta wa hukumomin da na ambata takarda da sunayensu na gaskiya. Ya karɓi littafin yana murmushin da bai kai zuci ba. Amma a makon jiya ya dawo ya nuna mini shafi goma sha ɗaya, ya ce a cikin ƙiyasi goma yanzu yana dacewa da shida.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya kuma nuna mana ranar da ƙarar bindiga a Arewa za ta koma ta hawan salla da ta filin wasa kawai.