Sifana Mai Aiki Da Iska: Amfaninta Da Haɗarinta A Gyaran Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san injin nan mai tanki da ke hura wa taya iska, wato kwamfiresa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan iskar tana iya kwance noti ta kuma ɗaure shi. A hutun da ya wuce na taya kawuna aiki a garejinsa da ke Legas, a nan na fara riƙe wata sifana mai aiki da iska wadda ya sayo ta hannu a kasuwar Ladipo. Kanikawa suna ce mata racet, ni kuwa zan kira ta sifanar iska. A wannan maƙala zan bayyana yadda take aiki, da kuma darasin da ta koya mini.

Yadda Take Aiki

Tsawon sifanar iska kamar inci 10 ne, kuma ana jona gindinta da tiyo zuwa tankin kwamfiresa. A cikin mariƙinta akwai wani ɗan inji mai fukafukai. Idan aka danna makunni, iska za ta shiga ta tura fukafukan su yi ta juyawa da gudu sosai. Wasu ƙananan giyoyi sai su rage gudun, su ƙara masa ƙarfi, sannan wani ɗan harshen ƙarfe ya riƙa tura haƙoran da ke kan sifanar. Haka soket ɗin da aka sa wa noti yake juyawa. Akwai ɗan maɓalli a kanta da ake murɗawa don zaɓar ɗaurewa ko kwancewa.

Bakin da ake sa soket iri uku ne: rubu'in inci, da uku bisa takwas, da rabin inci. Na tsakiyan aka fi amfani da shi a ƙananan motoci. Yawancinsu suna son iska mai nauyin 90 a ma'aunin da mai faci yake dubawa, alhali tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha. Saboda haka idan tanki ƙarami ne, nan da nan iska za ta ragu, sifanar ta yi sanyi.

Amfaninta

Babban amfaninta shi ne shiga lungu. Injinan motocin zamani a cushe suke, akwai wuraren da sifanar hannu ba ta da filin motsi, sai bakanike ya yi ta ɗan ja yana mayarwa har gumi ya jiƙe shi. Sifanar iska ba ta neman fili, kanta kawai yake juyawa, sau 150 ko fiye a minti ɗaya. Wajen cire lagireto ko famfon ruwa ko kwanon baƙin mai, inda notuna suke da yawa, tana rage wahala ƙwarai.

Sai dai kada a haɗa ta da babbar bindigar iska da ake kwance notin taya da ita. Ita waccan akwai guduma a cikinta da ke bugun noti, shi ya sa take da ƙarfi kuma ba ta murɗe hannu. Sifanar iska ba ta da guduma. Da zarar noti ya cije, duk ƙarfin sai ya dawo kan mariƙi, ya fizge hannun mutum ya buga yatsunsa a jikin ƙarfe.

Kuskuren Da Na Yi

Wata rana kawu ya ce in mayar da murfin saman injin wata motar haya. Don ɗoki, sai na ɗora ƙusa mai zare a raminta na danna makunni ba tare da na fara murɗa ta da yatsa ba. Ashe ta shiga a karkace. Kan injin na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, kafin in ɗaga yatsa zaren ramin ya cinye. Irin waɗannan ƙananan ƙusoshi ɗauri kaɗan suke so, kamar nuton-mita 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, sifanar kuwa tana iya ba da ninki biyar na hakan. Sai da aka huda ramin aka sa masa sabon zare. Direban ya rasa aikin yini guda, kawu kuma ya biya kuɗin gyaran daga aljihunsa. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi na ga yadda sauri kan haifi nawa.

Ƙa'idojin Aiki Da Ita

Daga ranar na riƙe waɗannan ƙa'idoji:

1. Wajen kwancewa, a fara karya ƙarfin noti da sifanar hannu, sannan a sa ta iska ta zare shi.
2. Wajen ɗaurewa, a fara murɗa noti da yatsu zagaye biyu ko uku, a tabbata ya hau daidai.
3. A tsaya kafin ya cije, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, musamman a kan fulogi da duk abin da yake na alminiyam.
4. A ɗiga mata man kayan iska kaɗan ta ƙofar tiyo kowace safiya.
5. A tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin tanki kullum. A gari mai laima kamar Legas ruwan yana da yawa, kuma tsatsa yake jawowa.
6. A cire tiyo kafin a canza soket, a kuma kare ido da kunne, don tana da ƙara.

Kammalawa

Yanzu akwai irinta mai batir, wadda ba ta buƙatar kwamfiresa ko tiyo, kuma ta fi sauƙi a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. To amma ƙa'idar ba ta canza ba: hannu ne zai fara, hannu ne zai ƙarasa, tsakiyar aikin kawai ake bar wa na'ura. Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, idan kun kai motar gida gareji kuka ga bakanike ya ɗora wa fulogi sifanar iska tun daga farko, ku roƙe shi cikin ladabi ya fara da hannu.