Yadda giwan ruwa ya yi wa Tafkin Victoria ɓarna

Giwan ruwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana Tafkin Chadi, yana Kogin Neja, kuma a gasar kamun kifi ta Argungu shi kowa ke fatan ya faɗo homarsa. A waɗannan ruwaye ya daɗe da zama da sauran kifaye, kowannensu ya san yadda zai tsere masa. Matsalar takan taso ne idan aka kai shi inda ba a san shi ba.

Haka aka yi a Tafkin Victoria, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka yi tarayya a kansa. A shekarun 1950, zamanin mulkin Turawan Ingila, aka fara zuba shi a tafkin, wai ƙananan kifayen da ke ciki ba su da daraja, gara a kawo babba ya cinye su a samu na sayarwa. Ƙananan da aka raina kuwa dangin karfasa ne, kusan iri 500, galibinsu babu su a ko'ina sai nan.

Shiru-shiru har sai shekarun 1980, sannan ya yaɗu ya cika tafkin. Kifi ne da kan kai kilo 200, kuma ba ya zaɓen abinci. Masana sun ƙiyasta cewa kusan iri 200 sun ɓace. Da yawansu gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke ci, wato su ne masu sharar tafkin. Da suka ragu, ga kuma dattin birane da takin gonaki na kwararowa, sai ruwan ya gurɓace, iskar da kifi ke shaƙa ta yi ƙaranci a ƙasansa.

Ɓarnar ta hauro har tudu. Ƙananan kifayen shanyawa ake yi a rana su bushe. Giwan ruwa kuwa mai ne da shi, sai an yi bandarsa, banda kuma sai da itace, don haka aka shiga sare itatuwan bakin tafkin.

Gaskiya kuɗi sun shigo. Masana'antu a garuruwan Mwanza da Kisumu da ke bakin tafkin suna yanke tsoka su tura Turai, kai da ƙashi su ne rabon talakan gari. Mai ƙaramin kwale-kwale da tsohuwar raga ba ya iya wannan kamu, sai mai jari. Yawan kamu ya rage giwan ruwa yanzu, wasu ƙananan sun fara dawowa, amma irin da ya ƙare ya ƙare.

Tarwadarmu ma ta yi irin wannan ta'asa a waje. An kai ta Indiya don kiwo, ta riƙa sulalewa daga kududdufai zuwa koguna, musamman lokacin ambaliya, tana cinye kifayen gida, har hukumomin ƙasar suka haramta kiwonta.