A Bar Mai Karatu Ya Juya Shafi Da Hannunsa

Kwanakin baya muna cikin sujada, aka haska waƙa a jikin allo. Jama'a ba su gama aya ta fari ba sai ga aya ta biyu ta bayyana. Matasa da suka haddace waƙar suka ci gaba, amma tsofaffi da iyayenmu mata da suka koyi karatu da girma suka yi shiru suna kallon juna. Da muka bincika sai muka tarar ba laifin yaron da ke kan kwamfuta ba ne. An ɗora shafukan a kan agogo, kowane shafi ya wuce da kansa bayan 'yan sakan.

Nuna hoto a bango ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kalmar majigi ma ta samo asali ne daga sunan Turanci na tsohuwar fitilar nuna hotuna. A wancan zamani mutum ne ke sa hoto da hannu, ya yi bayani, ya dubi fuskokin jama'a, sa'an nan ya sa na gaba. Ko na'urar Kodak mai faifai da ke ɗaukar hotuna 80, wadda aka daina ƙerawa a 2004, tana da maɓallin gaba da na baya a hannun mai magana. A 1987 aka fito da PowerPoint, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a wannan shekara. Aiki ya yi sauƙi ƙwarai, har mutane da yawa suka sakar wa na'ura ragama.

To, agogo ba ya ganin fuska. Bai san cewa mai bi da waƙa zai maimaita amshi ba, bai san wata tsohuwa tana haɗa baƙi da wasali a hankali ba. Masana ma sun lura da haka. A 2008 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta ce rubutu ko hoton da ke motsi da kansa fiye da sakan 5 tare da wasu abubuwa a shafi, dole a ba mai kallo hanyar tsayar da shi.

Gyaran kuwa ba wuya. A PowerPoint, a shiga sashen Transitions, a cire alamar da ke kan After, a bar ta kan On Mouse Click, a kuma zartar da wannan ga dukan shafuka. In an taɓa gwajin lokaci, na'ura takan riƙe shi, saboda haka a shiga Set Up Slide Show a zaɓi Manually. Daga nan maɓallin kibiyar dama zai kai gaba, na hagu ya komo baya. In ana son komawa kan amshi, a buga lambar shafin a danna Enter. Harafin B kuwa yana baƙanta allo, domin hankalin jama'a ya koma kan mai magana.

Haka nan in za a aika darasi ta waya. Wanda ya mai da shafuka bidiyo ya ƙayyade wa kowa lokaci ɗaya ke nan. Gara a aika su a PDF, mai karatu ya ja da yatsa yadda ya ga dama. Masu duba sanarwa a Status na WhatsApp kuma su sani, in sun ɗora yatsa a kan hoton zai tsaya har su gama.

Ba mu ce agogo ba shi da amfani ba. Sanarwar da ke zagayawa a allo kafin a fara taro, ko hotunan biki, a bar su su yi ta juyawa. Amma inda ake koyarwa ko raira waƙa, sai a sa mutum mai natsuwa, wanda ya san waƙar, yana kuma sauraron jama'a, ya juya shafi daidai lokacin da suke kan layin ƙarshe.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Kuɗin jama'a ne ya sayi na'urar nan, har da na gwauruwar da ke zaune a bencin baya. Kada mu bari ta koma gida ba ta karanta abin da aka haska ba.