Bakin Tsuntsu da Tsidau: Littafin da Ke Sa Yaro Ya So Kimiyya

Yara da yawa sun ɗauki darasin kimiyya a matsayin hadda: a zuba a takardar jarrabawa, a manta. Amma akwai littattafan da ke ba da kimiyya kamar labari, kuma sukan kama zuciyar yaro fiye da allon aji. Ɗaya daga cikinsu shi ne The Beak of the Finch na Jonathan Weiner, wanda ya fito a 1994 ya kuma ci kyautar Pulitzer a 1995.

Labarin wasu ma'aurata ne masu bincike, Peter da Rosemary Grant. Daga 1973 suka yi shekaru suna zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major a Galafagos ta ƙasar Ekwado, wani lokaci har da 'ya'yansu mata biyu. Aikinsu shi ne kama ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, su auna bakin kowanne, su sa masa alama a ƙafa, su sake shi.

A 1977 aka yi fari. Ƙananan tsaba masu laushi suka ƙare, sai masu tauri, ciki har da na wani tsiro ɗan'uwan tsidau ɗin nan da ke soke mu a ƙafa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wani nau'in tsuntsayen suka mutu. Waɗanda suka rayu galibi masu kaurin baki ne, don su ke iya fasa tsaba mai tauri. Da suka hayayyafa, 'ya'yan suka gado bakin. Bayan ruwa mai yawa na 1983 ƙananan tsaba suka dawo, sai riba ta koma ga masu ƙaramin baki. Abin da Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859 ke nan, amma ga shi an auna shi da ma'auni.

Uwargida, wannan ilimi yana cikin gidanki. Ƙwayar cutar zazzabin cizon sauro ta sauya har kulorokwin ya daina yi mata aiki sosai, shi ya sa aka koma magungunan ACT. Haka sikila: a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu rukunin jini na AS sun fi samun kariya daga zazzabi mai tsanani, dalilin da ya sa gadon ya yawaita a yankunan sauro irin namu. Yaron da ya gane haka ba zai raina gwajin jini kafin aure ba.

Wasu iyaye na ɗari-ɗari da irin waɗannan littattafai saboda batun asalin ɗan'adam. Damuwar tana da muhimmanci, amma ƙwace littafi ba ya kashe tambaya, sai dai yaro ya kai ta ga waya shi kaɗai. Ki zauna ku karanta tare, ko ya fassara miki da Hausa. Abin da ya shafi aƙida kuma ku kai wa malamin da kuka yarda da iliminsa.

Ki fara da abin da ke tsakar gida: ki sa ya kwatanta bakin kaza da na agwagwa, ya faɗa miki abin da kowanne ya dace da ci. Wace tambaya ɗanki ya taɓa yi miki game da halittu har kika rasa amsa?