Faɗan Dawaki da Caca: Gargaɗi ga Ƙauyukanmu

A tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin akwai wata al'ada wadda duk Bahaushen da ya ji labarinta sai ya riƙe baki. Ran biki a kan kawo goɗiya a ɗaure ta tsakiyar fili, sa'an nan a saki ingarmu biyu. Saboda kishi sai su auka wa juna da cizo da harbi, har ɗaya ya gudu ko ya faɗi. Masu kallo kuwa kowa ya zuba kuɗi a kan dokin da ya ke zaton zai rinjaya. Hukumar ƙasar ta kafa doka ta hana wannan a 1998, amma dokar ba ta kashe shi nan take ba, domin cacar da ke cikinsa ta riga ta kama zukatan mutane. Mutanen Miyawo na Rongshui, a kudancin ƙasar Sin, su ma sun gaji irin wannan wasa a bukukuwansu na sabuwar shekara.

Mu a nan darajar doki ta fi haka. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, aka shirya doki don tsaron ƙasa. Yaƙi ya ƙare, amma hawan salla ya wanzu, har a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon 'yan Adam. Mai doki a Kademi, ko Gaya, ko Ajingi, ya kan tanadar masa harawa da dusa da kanwa, ya fita kilisa da shi da la'asar. Wa zai yi wannan wahala sa'an nan ya kai shi fili a yayyage masa wuya?

To, amma kada mu yi saurin yabon kanmu. Abin da ya raya faɗan dawaki a Mindanao, watau caca, yana nan tare da mu. A Ikko da waɗansu garuruwa a kan haɗa raguna karo a zuba kuɗi. A karkara kuwa caca ta kan bi duk inda gasa ta ke, ko sukuwa, ko dambe, ko karta a bayan kasuwa. Lokacinta kaka, sa'ad da manomi ya sayar da gero da wake da gyaɗa, kuɗi suka shiga aljihu. Yanzu kuma wayar hannu ta kawo cacar ƙwallon ƙafa har cikin ɗaki, inda ba idon uba, ba na mai unguwa.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane malami ya rubuta wa yara a allo. A ce mutum goma sun zuba naira 1,000 kowanne, jimla 10,000. Mai riƙon caca ya cire ushiri, watau 1,000, ya ba waɗanda suka ci 9,000. In aka yi zagaye goma, a kowane zagaye ana zuba 10,000, mai riƙo ya tara 10,000 cif, daidai da abin da suka zo da shi tun farko, shi kuwa bai yi kasadar ko kwabo ba. Saboda haka duk wanda ya daɗe a gindin caca ƙarshensa asara. Daga nan sai bashi, sai a taɓa hatsin rumbu tun bazara, sai jinginar gona, yaro kuma ya bar makaranta don rashin kuɗin littafi.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. Alƙur'ani ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara, aya ta 219, ya kuma hana ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91. Hadisi ya hana zuga dabbobi su yi faɗa, alhali tseren dawaki halal ne. Jihar Kano ta kafa shari'ar Musulunci a 2000 da Hukumar Hisba a 2003, a 2024 kuma Hisba ta rufe shagunan caca da dama a cikin birni. Amma rufe shago ba ya rufe waya.

Don haka aikin ya komo kanmu, malamai da akawuna. Malami ya koya wa yara lissafin nan tun suna firamare, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Akawu, in takardar jinginar gona ta zo gabansa da kaka, lokacin da bai kamata manomi ya rasa kuɗi ba, ya kyautu ya bincika dalili, ya sanar da dagaci. In za a yi sukuwa, masu shiryawa su sa kyauta daga aljihunsu, a hana 'yan kallo zuba kuɗi. Ta haka doki zai ci gaba da zama abin ado, amfanin gona kuma ya kai iyali har wata kaka. Allah ya kiyashe mu, amin.