Asalin Kalmar "Ƙwayar Zarra" da Matsayinta a Manhajar Kimiyya

Daga cikin keɓaɓɓun kalmomin da muka duba wajen bitar manhaja a nan Abuja, akwai "ƙwayar zarra", wadda Hausa ke amfani da ita a madadin kalmar Ingilishi "atom". Wasu malamai sun nemi a yi watsi da ita, a ari ta Ingilishin. Ba mu goyi bayan haka ba, kuma dalilinmu yana cikin asalin kalmomin biyu.

Kalmar Ingilishin ta samo asali ne daga "atomos" ta Girkanci, wato abin da ba ya yankuwa. A kan wannan fahimta John Dalton ya gina ra'insa a 1808. Sai dai a 1897 J. J. Thomson ya gano ilaktaron, sannan a 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa ƙwayar tana da cibiya a tsakiyarta. Ke nan sunan ya wanzu, amma bincike ya rushe ma'anarsa.

Ita kuwa "zarra" daga Larabci Hausa ta aro ta, ta musanya harafin zalun da "z", kamar yadda ta yi a "izini" da "zikiri". Ma'anarta ta asali ƙaramar tururuwa ce, ko kuma ƙurar nan da ake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso ɗaki. Ƙanƙanta kawai take nunawa. Ba ta ce abin ba ya rabuwa ba. Hasali ma, malaman tauhidi na da, idan suna nufin abin da ba ya rabuwa, "jauhari" suke cewa. Ga shi kuma ɗalibi ya riga ya san kalmar tun daga makarantar allo, a cikin Suratul Zalzala.

Amma akwai tarko guda biyu. Na farko, Hausa tana da wata "zarra" mai ma'anar fifiko, kamar a ce wane ya yi wa tsaransa zarra, don haka kada marubuta littattafai su raba ta da "ƙwaya". Na biyu, wanda ya fi damun mu, shi ne ɗalibi yakan ɗauka babu abin da ya fi zarra ƙanƙanta, sai ya rikice ranar da aka ce masa akwai ilaktaron da furoton a cikinta. Saboda haka muna ba da shawarar a faɗa masa wannan tun a darasin farko, kuma a ari sunayen waɗannan sassa da rubutun Hausa, kada a kira su "'ya'yan zarra".