Yaƙi da Taɓin Hankali a Cikin Ƙagaggun Labarai

Duk wanda ya buɗe ido da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya saba da mayaƙi mai kirari, wanda tsoro ba ya ratsa zuciyarsa. Ni ma da shi na fara. Daga baya ne na gamu da wasu littattafan yaƙi waɗanda suka karkata ga raunin da ido ba ya gani, watau na ƙwaƙwalwa.

Na farkonsu shi ne All Quiet on the Western Front na Remarque, Bajamushe, wanda aka buga a 1929. Tauraronsa, Paul Bäumer, ya bar aji ya shiga Yaƙin Duniya na Farko. Da ya zo gida hutu sai ya iske ya zama baƙo a cikin danginsa, ya kasa faɗa musu abin da ya gani.

Joseph Heller kuwa, a cikin Catch-22 na 1961, ya kafa tarko da ba'a. Sojan sama mai taɓin hankali yana iya samun sallama daga kai hari in ya nema. Amma wanda ya nemi tsira da ransa ai ya nuna hankalinsa lafiya lau, saboda haka tilas ya ci gaba da tashi.

Inda batun ya fi nauyi shi ne Regeneration na Pat Barker, na 1991. An gina shi a kan mutanen gaske a asibitin Craiglockhart na Edinburgh a 1917. Mawaƙi Siegfried Sassoon ya fito fili ya ƙi yaƙin, hukuma ta tura shi can maimakon kotun soja. Likitansa, W. H. R. Rivers, yana bi da majiyyata da hira da haƙuri, alhali ya san duk wanda ya warke fagen fama za a mayar da shi. Wilfred Owen, wanda shi ma ya yi jinya a asibitin, ya koma, aka kashe shi mako guda kafin a ajiye makamai a 1918.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba su shigar da wannan cuta ta bayan firgici cikin kundinsu ba sai a 1980. Marubuta kuwa sun daɗe da siffanta ta. Lalle wanda ya karanta waɗannan littattafai zai dubi tsohon sojan da ke zabura cikin barci da idon rahama.